Cleveland Browns: Ciwon Da Ake Nema A Fili Yana Ofishin Mai Gida

Ƙungiyar Cleveland Browns ta kammala kakar 2024 da nasara 3, an doke ta sau 14. Cikin ƙungiyoyi 32 da ke gasar NFL, babbar gasar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, babu wadda ta kai ta ƙarancin maki. Shekara guda kafin nan ta ci wasa 11, ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, kocinta Kevin Stefanski ya karɓi kyautar gwarzon koci, ɗan bayanta Myles Garrett ya zama gwarzon masu tsaron baya na gasar baki ɗaya. Shi ya sa magoya baya suka yi ta tambayar abin da ya lalace a cikin wata goma sha biyu. A ganina sun taƙaita tambayar. Wanda yake son ya gane ciwon Browns sai ya duba shekara ashirin da biyar, ya kuma ɗaga kai daga fili ya dubi bene inda mai ƙungiya yake zaune.

Wani zai ce ina ruwan biri da gada, mu da muka saba da gasar Ingila da ta Sifaniya. Ruwanmu ya shigo tun 2024, lokacin da hukumar NFL ta ba Browns izinin tallata kanta da neman magoya baya a Najeriya. David Njoku, wanda ya yi fice cikin masu karɓar ƙwallonta, iyayensa 'yan Najeriya ne. Ke nan wannan ce ƙungiyar da za a kawo wa yaranmu rigarta a ce su so ta. Ya kamata mu san wace ce ita kafin mu ba ta zuciya.

Akwai abu biyu game da tsarin gasar da sai an fahimce su sannan maganar za ta zauna. Na farko, kowace shekara ana jera ƙungiyoyi su zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, kuma wadda ta zo ta ƙarshe a gasa ita ke fara zaɓe. Na biyu, akwai iyakar albashi wadda babu mai haura ta, komai arzikinsa; a 2024 dala miliyan 255 da 'yan kai ce ga kowace ƙungiya. An tsara wannan ne da gangan domin na ƙasa ya taso, na sama ya sauko. A irin wannan gasa, ƙungiya ta yi shekara biyu ko uku tana shan kashi ba abin mamaki ba ne. Ta yi rubu'in ƙarni kuwa, ruwa ba ya tsami banza.

Kuma gidan ba na banza ba ne tun asali. Browns ta fara wasa a 1946, sunanta ma daga kocinta na farko ne, Paul Brown, mutumin da ya kawo nazarin fim ɗin wasa da koyar da 'yan wasa a aji. Ta lashe kofin NFL a 1950 da 1954 da 1955 da 1964, ta fito da Otto Graham da Jim Brown. Daga nan aka fara zubar da abin da ke hannu. Art Modell ya sayi ƙungiyar a 1961, ya sallami Paul Brown a 1963, shi kuma ya je ya kafa Cincinnati Bengals. Chuck Noll, ɗan garin Cleveland wanda ya yi wa Browns wasa, shi ya ci wa Pittsburgh Steelers kofin Super Bowl, babban wasan ƙarshe na gasar da aka ƙirƙiro daga baya, har huɗu. A 1995 Modell ya sanar da kwashe ƙungiyar kacokan zuwa Baltimore, ta koma Ravens, tare da Ozzie Newsome, tsohon gwarzon Browns, wanda ya tara 'yan wasan da suka ci wa Baltimore kofi sau biyu. Kocin da Modell ya sallama a lokacin ƙaurar shi ne Bill Belichick, wanda daga baya ya ɗaga kofi shida a New England. Duk abokan hamayyar Browns uku na rukuninta da jinin Cleveland aka raine su. Ita kuwa tana cikin ƙungiyoyi huɗu da ba su taɓa buga wasan Super Bowl ba ko sau ɗaya.

An mayar wa garin da ƙungiyarsa a 1999, da suna da launi da tarihi, amma da sababbin mutane. Daga 1999 zuwa 2024, kaka 26 ke nan, sau huɗu kawai nasarorinta suka fi shan kashinta yawa: 2002, 2007, 2020 da 2023. Sau uku ta shiga sili-ɗaya-ƙwale, wasa ɗaya ta ci. Rabonta da zama ta ɗaya a rukuninta tun 1989.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce rashin kwatabak, wato madugun hari, wanda ƙwallo ke fara zuwa hannunsa ya jefa ko ya miƙa. Babu musu, a wannan wasa babu gurbin da ya kai nasa nauyi, kuma Browns ta fara wasa da mutum 40 daban-daban a wannan gurbi tsakanin 1999 da ƙarshen 2024. Magoya baya har riga gare su da suke jera sunayen a bayanta, ana soke na da ana ƙara sabo. Amma mutum 40 ba za su taru su zama marasa baiwa duka ba. Tim Couch, wanda aka fara zaɓa a duk gasar a 1999, an kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 56 a kakarsa ta farko, domin an tura shi fili ba tare da katangar da za ta kare shi ba. Jikinsa ya gaji kafin ya koyi aikin. Brady Quinn a 2007, Brandon Weeden a 2012 yana ɗan shekara 28, Johnny Manziel a 2014, dukansu a lamba ta 22 aka zaɓe su, kowanne kuma ya tarar da koci da manajan da ba za su daɗe ba. Yaro ya shigo ya koyi tsarin wasa mai kiraye-kiraye ɗari da ɗoriya, kafin ya riƙe shi an kori mai koyarwa, an kawo wani da nasa littafin.

Joe Thomas ne shaidar da ta fi taɓa ni. Shi ne ginshiƙin katangar hari daga 2007 zuwa 2017, ya buga tashin ƙwallo 10,363 a jere bai fita hutu ko sau ɗaya ba, har ya shiga zauren gwarazan wasan a 2023. Kwatabak 20 ya kare da jikinsa. Bai taɓa buga wasan sili-ɗaya-ƙwale ba a rayuwarsa. Mutum irin wannan ya yi nasa har ya wuce. Waɗanda ke samansa ne suka kasa gina komai a kan kafaɗarsa.

A nan maganar mai gida ta shigo. Jimmy Haslam, attajirin da iyalinsa suka yi arziki da gidajen man manyan motoci na Pilot, ya sayi Browns a 2012 a kan kusan dala biliyan 1. Kafin nan yana da ɗan hannun jari a Steelers, ƙungiyar da daga 1969 zuwa 2024 koci uku kacal ta yi: Noll, Bill Cowher, Mike Tomlin. Ya ga amfanin haƙuri da idonsa. Da ya karɓi tasa, ya sallami Pat Shurmur a ƙarshen 2012. Rob Chudzinski ya yi kaka ɗaya aka kore shi. Mike Pettine ya yi biyu. Hue Jackson bai cika uku ba. Freddie Kitchens ya yi ɗaya. A ofishin saye da zaɓen 'yan wasa ma haka: Tom Heckert, Mike Lombardi, Ray Farmer, Sashi Brown, John Dorsey, duka cikin shekara takwas. Aikin ya zama irin na mai haƙa rijiya wanda in ya yi gaba biyu bai ga damshi ba sai ya kwashe kayan aiki ya koma gefe ya fara sabuwa. Ramuka sun cika fili, ruwa babu.

Kakar 2014 ta isa misali. Ƙungiyar ta kai nasara 7 da kashi 4 da Brian Hoyer, kwatabak mara suna amma mai bin tsari, kuma mai tsara harinta Kyle Shanahan ne. Sai aka shiga matsa lamba a sa Manziel, tauraron jami'a wanda jaridu ke so. Aka sa shi, Bengals ta lallasa su 30 da babu. Suka ƙare kakar da kashi biyar a jere. Hukumar gasa ta dakatar da manaja Ray Farmer wasa huɗu saboda aika saƙon waya ga masu horarwa ana tsakiyar wasa. Shanahan ya nemi a sake shi bayan kaka ɗaya, daga baya ya kai San Francisco wasan Super Bowl sau biyu. Manziel kuwa an sallame shi a farkon 2016.

Daga nan aka koma ɗaya gefen gaba ɗaya. Aka ɗauko Paul DePodesta daga wasan besbol, masanin lissafi, aka ce za a rushe komai a tara damar zaɓe. Tunanin yana da hujjarsa, amma an haɗa shi da kocin da bai yarda da shi ba, wato Hue Jackson, kowa yana kai ƙarar kowa wurin mai gida. Sakamakon shi ne nasara 1 cikin wasa 16 a 2016, babu ko ɗaya cikin 16 a 2017. Jackson ya bar aiki da nasara 3, kashi 36, canjaras 1. A Janairun 2018 dubban magoya baya suka fito cikin tsananin sanyin gaɓar tafkin Erie suka zagaya filin wasa domin nuna takaicinsu. Ban ga abin dariya a wannan tattaki ba. Mutane ne da aka taɓa kwashe musu ƙungiya, suka yi ta fafutuka har aka mayar da ita, suke biyan kuɗin tikiti kowace shekara, ba su da wata hanyar da za su isar da kukansu.

Duk da haka wahalar ta haifi ɗa mai ido. An samu Garrett da Njoku a 2017, Baker Mayfield da Denzel Ward da Nick Chubb a 2018. Stefanski da manaja Andrew Berry suka zo a 2020 da tsari ɗaya: katanga mai ƙarfi a ƙarƙashin gogaggen malami Bill Callahan, gudu da ƙwallo a hannun Chubb, sannan jifa bayan an yaudari masu tsaro da alamar gudu. Suka ci wasa 11, suka je har Pittsburgh suka doke Steelers 48 da 37, nasarar sili-ɗaya-ƙwale ta farko tun kakar 1994. Kansas City ta fitar da su da ƙyar, 22 da 17. A karon farko cikin shekaru masu yawa, rijiyar ta nuna ruwa.

Abin da ya biyo baya shi ne, a ganina, kuskure mafi girma a tarihin cinikin 'yan wasa na wannan gasa. Mayfield ya ji ciwo a kafaɗa a farkon kakar 2021, ya ci gaba da wasa a haka, ƙoƙarinsa ya ragu, ƙungiya ta ƙare da nasara 8 da kashi 9. Maimakon a yi masa magani a ba shi shekara guda ya nuna kansa, sai aka tafi neman Deshaun Watson na Houston. Watson bai buga wasa ko ɗaya ba a 2021. Mata sama da ashirin sun shigar da ƙara suna zarginsa da cin zarafi a lokacin tausa. Ya musanta, masu taimaka wa kotu a Texas sau biyu suka ƙi tuhumarsa da laifi, daga baya ya sasanta da mafi yawansu a wajen kotu. Da farko ma ya ce ba zai je Cleveland ba. Sai Browns ta ɗora masa dala miliyan 230 na shekara biyar, kowace dala da tabbacin biya ko ya yi wasa ko bai yi ba, tabbacin kuɗi mai yawan da ba a taɓa ba kowa ba a gasar kafin nan. Ta kuma ba Houston zaɓenta na zagayen farko na 2022 da 2023 da 2024, da wasu ƙari. An ma tsara kwantiragin yadda ainihin albashin shekarar farko ya tsaya kusan dala miliyan 1, ta yadda dakatarwar da kowa ke hange ba za ta ci masa kuɗi sosai ba. Hukumar gasa ta dakatar da shi wasa 11, ta ci shi tarar dala miliyan 5.

Kafin a zo maganar lissafi, akwai maganar mutunci. Ƙungiyar da mata ke cika mata fili kowace Lahadi ta nuna musu cewa koken mata sama da ashirin bai kai nauyin hannun mai jifa ba. Magoya baya da yawa sun ajiye rigarsu tun ranar. Ko da Watson ya ci kofi, wannan tabo ba zai goge ba.

To, kofin ma bai zo ba. Cikin kaka uku wasa 19 ya buga, ya ci 9, ya jefa ƙwallon ci 19. Ko sau ɗaya bai kai jifan yadi 300 a wasa ba. A 2023 kafaɗarsa ta karye, a Oktoban 2024 jijiyar agararsa ta tsinke, ta sake tsinkewa a farkon 2025. Wasu 'yan kallo sun yi shewa yana kwance a ƙasa, kuma wannan abin kunya ne, Garrett ya yi daidai da ya fito ya tsawata musu. Mayfield da aka sayar wa Carolina da arha ya ƙarasa Tampa Bay, ya jagorance ta ta zo ta ɗaya a rukuninta a 2023 da 2024, ya jefa ƙwallon ci 41 a kakar 2024 kaɗai. Houston ta yi amfani da ɗaya daga cikin damar zaɓen da aka ba ta wajen samo Will Anderson, sannan ita ce ta fitar da Browns 45 da 14 a Janairun 2024.

Kakar 2023 ɗin nan da ake yabo, ita ce ta fi tona asirin cinikin. Chubb ya karye gwiwa a mako na biyu, Watson ya fita, kwatabak biyar suka fara wasa a shekarar. Aka kira Joe Flacco daga gida yana ɗan shekara 38, ya ci wasa huɗu cikin biyar, ya haura yadi 300 sau huɗu a jere. Tsaron baya a hannun Jim Schwartz shi ne ya fi kowane hana abokan gaba yadi a gasar. Darasin a fili yake: tsarin Stefanski yana aiki da kwatabak mai matsakaicin kuɗi in dai zai bi shi. Me aka yi da wannan darasi? Aka bar Flacco ya tafi Indianapolis, aka sallami mai tsara hari Alex Van Pelt, aka kawo Ken Dorsey domin a sake fasalin wasa ya dace da Watson. Callahan ya tafi Tennessee wurin ɗansa. An rushe abin da ke aiki domin a ceci abin da aka kashe wa kuɗi. A wasa bakwai da Watson ya fara a 2024, ƙungiyar ba ta kai maki 20 ba ko a ɗaya. Katangar ta tsufa, ta bari an kayar da masu jifa sama da sau 60, kuma babu matasan zagayen farko da za su maye gurbi domin an riga an ba Houston su. Kowace shekara kuma ana sake fasalin kuɗin Watson ana tura nauyin gaba, bashin yana jiran kakar da ba ta zo ba.

Ba na wanke Berry da Stefanski. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da hannunsu aka yi cinikin, kuma zaɓen Berry a ƙananan zagaye bai cike giɓin ba. Amma babu manajan da ke sa hannu a kan dala miliyan 230 ba da yardar mai kuɗin ba. Haslam da kansa ya fito a Maris 2025 ya amsa cewa cinikin babban kuskure ne, ya ce a ɗora alhakin a kansa da matarsa Dee. Ya kyauta da ya faɗa. Sai dai faɗin bai rage masa komai ba, kuma a nan ne tushen matsalar yake. Mai kallon gasar Ingila ya san cewa ƙungiyar da ta yi sake za ta faɗa rukunin 'yan dagaji, kuɗin talabijin ya yanke, mai ita ya ji a aljihunsa. A NFL babu faɗawa. Kuɗin talabijin da sauran kuɗin gamayya ana raba su daidai, kowace ƙungiya tana karɓar sama da dala miliyan 400 a shekara, ta ci ko ta sha kashi. Ƙungiyar da aka saya kusan dala biliyan 1, mujallar Forbes ta ƙiyasta ta sama da biliyan 5 a 2024. An kuma tsara gina sabon fili mai rufi a Brook Park, wajen gari, a kan dala biliyan 2.4, jihar Ohio ta amince ta sa miliyan 600. Koci yana biyan kuskure da aikinsa, ɗan wasa da gwiwarsa, mai goyon baya da kuɗinsa da hawan jininsa. Mutum ɗaya ne ba ya biya, kuma shi ke yanke hukunci.

Zaɓen 2025 ya nuna alamar hankali da alamar tsohon hali a lokaci guda. Sayar da lamba ta biyu ga Jacksonville a karɓi zaɓenta na zagayen farko na 2026 dabara ce mai kyau ga ƙungiyar da ta yi shekara uku ba ta zaɓa da wuri ba. Riƙe Garrett da albashin dala miliyan 40 a shekara, bayan ya nemi a sake shi, ya hana gidan watsewa. Amma an sake tara kwatabak: Flacco ya dawo yana da shekara 40, an kawo Kenny Pickett, an zaɓi Dillon Gabriel da Shedeur Sanders, Watson yana jinya yana karɓar kuɗinsa. Tsorona a lokacin shi ne kada yaran nan biyu su shiga abin da Couch ya shiga, a jefa su fili kafin a gyara katanga, su sha duka, a ce ba su iya ba, a ƙara sunayensu a bayan riga.

Abin da nake so in gani ba shi da wuyar faɗi. A fara da katangar hari, a zuba mata manyan zaɓuka shekara biyu a jere ko da jaridu za su ce babu armashi. A koma wa gudu da ƙwallo, wanda ya dace da iska da dusar ƙanƙarar Cleveland a Disamba. A zaɓi matashi ɗaya a ba shi malami ɗaya da littafi ɗaya na aƙalla shekara uku. A haɗiye bashin Watson a daina tura shi gaba. Duk waɗannan kuwa ba za su yiwu ba sai Haslam ya naɗa mutum ɗaya wanda ya san wasan, ya ba shi wuƙa da nama, ya rufe ƙofar da koci da manaja ke bi su kai masa ƙarar juna. Matuƙar bai yi haka ba, ko wane kwatabak aka kawo za a ci gaba da ƙirga suna, kuma ban ga dalilin da zai sa in ce wa yaro a Kano ko Legas ya sayi wannan riga ba.